Kama Da Wane Ba Ta Wane: "Divide" Da "Sever"

Ya ku 'yan makaranta, masu koyon Turanci, ina so in yi muku magana a kan waɗansu kalmomi biyu da na ga suna yawan kā da yara, har da waɗansu manya da ke ganin sun ƙoshi da Ingilishi. Kalmomin nan su ne "divide" da "sever". In yaro ya buɗe ɗan ƙamus irin na aljihu ya nemi ta fari, sai ya ga an ce raba. Ya nemi ta biyu, ya ga an ce yanke, ko kuwa raba. To, da ya ga raba can ga raba nan, sai ya ce ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk wadda ta riga zuwa bakin alƙalami ita ce tasa. Amma fa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu fara da wadda kuka fi sabawa da ita, don kullum kuna gamuwa da ita a darasin lissafi. An ba ka goro 12, an ce ka ba yara 3, kowa ya sami 4. Wannan shi ne "divide". Lura da kyau, sa'ad da ka ke wannan aiki idonka yana kan goron duka, kana ƙidaya, kana kula kada wani ya fi wani. In kuwa malam ya yi shakkar amsarka, sai ka tara kashin nan uku, goro 12 ya komo daidai, ko ɗaya bai ɓace ba. Tambayar da ke bin wannan kalma ita ce, kashi nawa, kuma wa da wa za su samu? Don haka ne ƙananan kalmomin da ke rakiyarta su ne "into" da "among" da "between". Haka a ke yi da gado. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, malamai su zauna su fid da tumuni su ba matar, sauran su kasa, namiji ya ɗauki kashi biyu mace ta ɗauki ɗaya. In gona ce, a ja iyaka a tsakiya a dasa gamba. Wa ya noma gabas, ƙane ya noma yamma, amma kowa ya zo wucewa ya san gonar ubansu ce, ruwan da ya sauka a wannan shi ya sauka a waccan.

Ita kuwa "sever" ba ruwanta da ƙidaya. Idonta yana kan mahaɗi, watau wurin da abu biyu su ke riƙe da juna: igiya, ko jijiya, ko gaɓa, ko wuya. Kalmar da ke rakiyarta ita ce "from", don kullum ana cire wani abu ne daga jikin wani. In igiyar guga ta tsinke a bakin rijiya, ba wanda zai tsaya yana tambaya kashi nawa igiya ta zama. Abin da za a ce shi ne guga ya faɗa, yau ba ruwa. Ma'anar kalmar ke nan: akwai wani abu da ya saba bi ta wurin nan, ko jini ne, ko ruwa, ko magana, ko gaisuwa, yanzu ya daina bi. Galibi kuma da ƙarfi a ke yinta, farat ɗaya, da hasara a ciki. Ba ta da lissafin komawa baya irin na goro. Ko an ciro gugan an ƙulla igiya, ƙullin yana nan, hannu zai riƙa jinsa duk sa'ad da a ke jan ruwa.

Af, kafin in manta. Kada ku haɗa ta da "severe", mai ma'anar tsanani. Harafi guda ne tsakaninsu a rubuce, amma ba gidansu ɗaya ba, furucinsu ma daban.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, yaron da ke rikicewa a Turanci ba ya rikicewa a Hausa, ko da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Ya san tela ya yanka yadi daban, tela ya yanke hannun riga daban. Ya san an sari itace, itacen na nan tsaye da tabonsa. An sare itace kuwa, sai kututture. Harshenmu sau da yawa da ɗan wasalin ƙarshe kaɗai ya ke nuna aiki ya kai maƙura, inda Bature sai ya nemo wata kalma sabuwa fil. Mukan ce an yanke cibiya, an yanke ƙauna, an yanke zumunci. Duk inda bakinka ya ba ka irin wannan yanke, ko tsinke, ko datse, to, kana unguwar "sever". Matsalar daga raba ta ke, don ita raba tamu mai faɗin gida ce: da ita mu ke raba gado, da ita mu ke raba faɗa, da ita kuma a ke raba aure.

Wurin da na fi ganin bambancin nan a fili shi ne wurin watanda. Na sha tsayawa a Kalgo ranar jajibere, in ga mutanen unguwa sun haɗa kuɗi sun sayi sa. A kā da shi, a fuskantar da shi alƙibla, a yi bisimilla, a sa wuƙa a maƙogwaro. A wannan lokaci kowa shiru ya ke yi, ko yara ba su cika surutu ba, don rai ne ke fita, ba kuwa mai mai da shi. Wannan ita ce "sever". Bayan an feɗe, sai mahauci ya shimfiɗa tabarma ya shiga kasawa: ga tsoka, ga ƙashi, ga hanta, ga tumbi, ga ɗan kitse, kowane kashi sai ya taɓa kowane iri. Nan fa hayaniya ta ke tashi. Wannan ya ce kashin can ya fi tsoka, wancan ya ce nasa duk ƙashi ne, mahauci ya ɗebo nan ya ƙara can har kowa ya yarda. Wannan ita ce "divide". Wuƙa ɗaya ce, mutum ɗaya ne ma wani lokaci, amma aiki biyu ne. Na fari ba a gardama a kansa don ba ya gyaruwa, na biyu kuwa gardama ce adonsa.

Hanyar garin ma tana koyar da darasin. In ka fito daga Birnin Kebbi ka iso Kalgo, hanya takan rabu biyu, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta bi ta Bunza har Kamba, bakin iyakar Nijar. Mararraba ke nan, sunan ma daga raba ya fito. Bature zai ce hanya ta yi "divide", ba kuwa abin da ya ɓaci, don mai zuwa Jega da mai zuwa Kamba in sun juyo a nan za su sāke haɗuwa. Amma shekarar da gulbi ya cika ya tumbatsa, irin ambaliyar 2020 wadda ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, in ruwa ya tafi da gada, ka ga mota tsaye a wannan gaɓa mutane suna hangen 'yan'uwansu a waccan, to, wannan hanya an yi mata "sever".

Kila wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan maki ɗaya na jarrabawa? A'a. Abin da ya sa na damu, tarihin ƙasarmu da yawa da Turanci aka rubuta shi, ku kuma da Turanci za ku riƙa ba da shi ga waɗanda ba su san mu ba. Na taɓa karanta rubutun wani yaro mai ƙoƙari, yana ba da labarin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a 1812. Yaron ya ga "divide" ta zama kalmar 'yan aji ɗaya, yana son wadda ta fi nauyi a baki, sai ya rubuta wai Shehu ya yi "sever" ɗin Gwandu daga Sakkwato. Da kalma guda ya ɗora wa Mujaddadi abin da bai yi ba.

Ga yadda abin ya ke. An fara jihadi a 1804. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, Shehu ya zo ya zauna a Gwandu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809. Ƙasa ta yi faɗi ƙwarai, ba waya ba mota, wasiƙa sai a kan doki ko a ƙafa. Shehu kuwa malami ne, hankalinsa yana wajen karantarwa da wallafa. Saboda haka a 1812 ya kasa aikin kula da ƙasa, ya danƙa gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi. Daga baya rabon Gwandu ya haɗa da Nufe da Ilori da Yawuri, ya miƙa har ƙetaren Kwara, su Sayi da Liptako, wadda babban garinta shi ne Dori. Tuta ɗaya ce, shari'a ɗaya, Sarkin Musulmi ɗaya. Watau gonar gado ce aka ja wa kunya a tsakiya don noma ya yi sauƙi. Malam Abdullahi kansa, Allah ya jiƙansa, gwanin lugga ne da nahawu da sarfu, ya wallafa littattafai a kansu, ban kuwa tsammani zai bar almajirinsa ya wuce da irin wannan musanya ba.

Ba na ce igiyar ba ta taɓa yin rauni ba. Ta yi, har ta kusa tsinkewa. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Malam Abdullahi bai ji daɗin yadda abin ya gudana ba, ya koma Gwandu ya zauna, aka ɗauki lokaci tsakanin baffa da ɗa ba wata hulɗa ta kirki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan tawaye suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Da labari ya kai Sakkwato, Bello bai ce ai rabonsa ne, ya ji da shi ba. Ya ɗaura sirdi ya zo da rundunarsa, aka haɗu aka ci garin. Masu tarihi sun ce da suka yi arba bayan yaƙi, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don ya gai da baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Kowa ya ba ɗan'uwansa girman da ya cancanta, ɗaya na haihuwa ɗaya na sarauta. Ni a ganina duk wanda ya san labarin Kalambaina ba zai sāke rikita kalmomin nan ba. Da an yi "sever" a 1812, da ba hanyar da Bello zai biyo ya zo.

Hanyar yamma ma ta daɗe tana biyuwa. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Baturen nan matafiyi Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka a Gwandu, ya wuce ya ƙetare Kwara a Sayi, ya bi ta Dori, har ya kai Tambutu. Gaskiya ne ya tarad da hanyar cikin hatsari, gama tun 1849 Kabawa suka ɗaga kai a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, suka tsaya wa Gwandu a maƙogwaro. Igiya ta sili, amma ba ta rabu ba. Malamai da fatake da manzanni suna bi.

Wuƙar daga wani wuri ta zo. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, suka ja layi a taswira daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Ran 14 ga Yuni 1898 suka sāke zama a birnin Faris. A wannan karo sai suka ɗauki irin ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke cikin akwatin lissafinku, suka kafa ƙafa ɗaya a kan Sakkwato, suka buɗa ɗayar tsawon mil 100, suka zana baka, suka ce iyaka ke nan. Da Faransawa suka ga rabonsu ba shi da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka yi ƙorafi, aka gyara layin a 1904 da 1906. Kun ga, daidai da gardamar watanda: wannan ya ce kashina duk ƙashi ne, a ƙara mini tsoka. Sayi ta faɗa hannun Faransa, yau tana cikin Nijar. Dori ma haka, yau tana cikin Burkina Faso. Ta kudu kuwa, sojan Kamfanin Kwara sun ci Bida da Ilori a 1897, bayan an ci Sakkwato a 1903 kuma Turawa suka mai da kowane sarki yana duban Razdan ɗin lardinsa, ba Gwandu ba.

To, a nan ne na ke so ku buɗe ido, don nan ne kalmomin biyu su ke haɗuwa a kan aiki guda. In kun karanta littattafan Turawa za ku ga sun ce Ingila da Faransa sun yi "divide" ɗin ƙasar. Ba su yi kuskuren nahawu ba. Su da ke zaune gaban taswira, ƙasar duka su ke gani, suna ƙidaya, suna kasawa, kowa na duban kada ɗan'uwansa ya fi shi. Amma malamin Sayi da ya saba aika tambaya Gwandu a ba shi fatawa, da bafataken da ya wayi gari ya tarad da ɗan sanda a hanyar da kakansa ya bi ba mai tambayarsa, su ba su ga kashi ba, ba a kuwa ba su ko ɗaya. Abin da suka gani shi ne hanya ta toshe. A bakinsu kalmar ita ce "sever". Mahauci da masu watanda suna cewa an raba, amma da za a tambayi san, ai ba haka zai ce ba. Saboda haka in kun zo rubuta labarin 1898, ku fara tambayar kanku a ina kuka tsaya, gaban taswira ko bakin gulbi, sa'an nan ku zaɓi kalma. Ni dai na san inda na ke tsaye.

Kada kuma ku ɗauka "divide" kullum alheri ce. Mai raba kan jama'a don ya mallake su, da ita a ke faɗin aikinsa. Sai dai ko a nan, mutanen da aka raba wa kai suna gari ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, gobe suna iya shiryawa.

Rabon da aka yi a zamaninmu bai da wuyar suna. Ran 27 ga Agusta 1991 aka fid da Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. An raba ma'aikata da motoci da ofisoshi, amma ba wanda ya fasa auren 'yar Sakkwato, ba wanda aka hana ziyarar hubbaren Shehu. Haka kuma Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi ya ke zaune, hubbaren Malam Abdullahi kuwa yana can garin Gwandu, sunan sarautar bai canja ba, don zumunta a ƙafa ta ke, ƙafar kuwa ba ta daina zuwa ba.

Amma a 2023 mun ga ɗayar da idonmu. Da soja suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, sai aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ta ke ba Nijar, wadda wayarta ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Dosso zuwa Yamai. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya ya ke zuwa a lokacin. Wayar tana nan a kan turakunta, ba wanda ya sa mata almakashi, amma abin da ke bi ta cikinta ya daina bi, ma'anar kalmar kuwa ke nan tun farko. Manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka, kaya suka lalace, mai 'ya a Gaya ya rasa yadda zai kai mata gaisuwar haihuwa sai ta ɓarauniyar hanya. Sai a watan Maris 2024 aka buɗe iyaka aka mai da wuta. An ƙulla igiya, amma ƙullin bai ɓoyu ba: a Janairu 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali suka fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma.

Saura abu guda, asalin ita "sever" ɗin, don yana da ban sha'awa. Tushenta kalmar Latin ce, harshen Rumawan dā, "separare". Ta shiga bakin Faransawa ta lanƙwashe ta zama "sevrer". Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can, kalmomi da yawa suka ƙetare teku, har da wannan. Daga baya masu ilmin Ingila suka koma wa Latin ɗin kai tsaye suka ɗebo "separate", watau ita da "sever" uba ɗaya su ke, ɗaya ta zo ta hannun 'yan kasuwa da alƙalai, ɗaya ta hannun malamai. A Ingila kalmar ta yi kaifi, ta zama ta wuƙa da gatari. A Faransa kuwa sai ta yi laushi, ta tsuke, har yau "sevrer" ma'anarta yaye, watau cire yaro daga nono.

Ku duba fa. Yaro a makarantar Kamba yana koyon Turanci, ɗan baffansa a makarantar Gaya yana koyon Faransanci, tsakaninsu tafiya kaɗan ce. In aka rubuta musu kalmar nan a allo, harufan kusan ɗaya, na Kamba zai ce an yanke, na Gaya ya ce an yaye. Yaye kuwa duk kun san yadda a ke yinsa a gidajenmu. Yaro ya kusa shekara biyu, a shafa maɗaci a nono, a goya shi a kai shi gidan kaka. Ya kwana biyu yana kuka, kaka tana lallashinsa da kunu da 'yar tsokar kaza. Bayan 'yan kwanaki a komo da shi, ya tsaya bakin ƙofa yana harare-harare, uwar ta miƙa masa hannu, ya noƙe kafaɗa tukuna, sa'an nan ya taho.